Fijo 504 a Gindin Darbejiya

Ranar da muka tafi duba motar, ni na ɗauko batir da jarkar fetur tun kafin kowa ya ce in ɗauko. Shekarata 4 ke nan ina koyon kanikanci a garejin maigidana da ke Ringim, kuma a tunanina na lokacin, duba tsohuwar mota bai wuce a ɗaura mata batir, a ɗiga fetur a kafireto, a murza makulli a ji abin da za ta ce ba. Muna isa ƙauyen na sunkuya zan sauke kayan, sai maigida ya dafa mini kafaɗa ya ce, "Bar su nan. Yau ba ranarsu ba ce."

Wani malamin sakandare ne ya kawo aikin. Mahaifinsa ya taɓa mallakar Fijo 504, a cikinta aka kai shi makarantar kwana, shi kuma ya daɗe yana tara kuɗi don ya samu irinta. Aka ba shi labarin wata da ke ajiye a wani gida, mai ita ya rasu, shekara 11 ba ta motsa ba. Malamin ya riga ya je ya gani shi kaɗai, ya dawo yana ta yabon fentinta da kujerunta. Maigida ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce masa, "Malam, kai ka riga ka saye ta a zuciyarka, shi ya sa ba za ka iya duba ta ba. Ka zauna a gida, mu mu je."

Ban ga laifin malamin ba. Wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da Fijo take. A Faransa aka fara yin 504 a 1968, ita ce ma aka zaɓa gwarzuwar motar Turai ta 1969. Kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma bayan Faransawa sun daina yin salun ɗin 504 a 1983, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000. A zamaninta ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce ta hakimi, ita ce ta haya daga Kano zuwa Haɗejia da Gumel. Wannan da muka je gani lambarta ma tsohuwa ce mai KN, domin an yi mata rajista tun kafin a cire Jigawa daga Kano a 1991.

Maigida bai ko kalli inda motar take ba. Zaure muka shiga, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Bayan gaisuwa da addu'a ga mamaci, ya roƙi babban ɗan gidan ya yi masa iso wajen mahaifiyarsu. Tsohuwar ta zo ta zauna daga bakin ƙofa.

"Inna, don Allah ku tuna mana, ranar ƙarshe da Malam ya hau motar nan, daga ina ya dawo?"

Ta ce daga kasuwar Maigatari, ranar wata Alhamis. Ya shigo bayan la'asar, gaban motar na tururi kamar tukunyar dambu, ya sa yara suka yi ta ɗebo ruwa a rijiya yana zubawa. Ya ce in an yi kaka zai kai ta gyara. Kafin kakar ciwo ya kwantar da shi.

Maigida ya yi godiya, ya juyo ya kalle ni. A nan na fara gane abin da ya kawo mu zauren. Ba a ajiye mota haka kawai. Ko dai mai ita ne ya gaza, ko ita ce ta gaza, kuma tsakanin biyun nan akwai kuɗi masu yawa. Ɗan gidan, wanda shi ke son sayarwa, tun a hanya yake ce mana lafiyarta ƙalau aka ajiye ta. Ba ƙarya ya yi da gangan ba, yana yaro lokacin. Wadda ta ga tururin ita ce ba a taɓa tambaya ba.

Motar tana bayan gida, gindin darbejiya, kusa da turken awaki. Kafin mu taɓa komai maigida ya ɗauki sanda ya bubbuga jikinta ta ko'ina, muka ja baya muka jira. Motar da ta daɗe a ƙauye gidan wani ce, kuma ba kullum kaji da ɓeraye kaɗai ke ciki ba. Da muka ɗaga bonet, zanzaro ya gina ɗakunansa na laka a bakin kafireto, ɓeraye sun cinye rigar wayoyi sun yi sheƙa da audugar kujera. Ni wannan ne ya tayar mini da hankali. Shi ko a jikinsa. Ya ce waya da tiyo da roba duk abin kasuwa ne, ɗan rewaya zai gama da su cikin kwana biyu.

Ya zaro sandar auna baƙin mai ya miƙo mini. Maimakon baƙi, abin da ke jikinta ruwan ƙasa ne mai kauri, kamar shayin da aka cika wa madara. Ruwa ya haɗu da mai. Ya buɗe murfin lagireto, ciki ƙaf, sai jar tsatsa da farin gari da ya daskare a wuya.

A nan ya tsaya ya yi mini karatun da har yau nake amfani da shi. Injin 504 silinda huɗu ne, gangar jikinsa baƙin ƙarfe, kansa kuma, wanda muke kira tof, na alminiyom. Idan ya yi zafi fiye da kima, tof ɗin ne ke fara lanƙwashewa, gaskit ɗin da ke toshe tsakaninsa da gangar ya ƙone, ruwa ya sami hanya. Sannan silindojinsa ba a jikin gangar aka huda su ba, silib ne ake zurawa, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a cikinsa, ruwan sanyaya inji yana zagaya su kai tsaye, da wani siririn abin toshewa a gindin kowanne. In wannan ya saki, ruwa sai ya gangara cikin baƙin mai. Ga shi mutanenmu ruwan rijiya suke zubawa a lagireto, wani mai kanwa-kanwa, shi kuwa cin alminiyom yake yi a hankali. To, ruwan da yaran nan suka ɗebo ranar Alhamis ɗin can, wani sashensa shekara 11 ya yi yana kwance a kan fistin.

"Da ka ɗaura batir ɗin nan," in ji shi, "sitata ba ta san ciwo ba. Ƙarfi za ta sa. Ringin da ya manne da tsatsa ya karye, ya kankare silib, wataƙila kwanrod, sandar da ke riƙe da fistin, ya lanƙwashe. Injin da za a iya ceto, kai ka ƙarasa shi a gidan mutane, alhali ba ka saya ba."

Muka kwance fulogogi. Na 504 a can cikin rami suke, sai da doguwar sifana. Uku sun fito da baƙin hayaƙi irin na yau da kullum, na huɗun ya fito ja wur da tsatsa. Ya ɗura man dizal gauraye da ɗan baƙin mai a kowane rami, ya sa giya a furi, ya kama ƙusar kiranshaf, ƙarfen da ke juya injin, da sifana ya taɓa a hankali. Ta ƙi. Bai matsa ba. Muka je muka yi azahar, muka dawo, ya sake taɓawa gaba kaɗan, baya kaɗan, sai ta motsa kamar faɗin yatsa. Ya ce ya isa, injin bai mutu ba, ciwo ne da shi.

Amma bai ce a saya ba. Ya cire babbar rigarsa, ya shimfiɗa buhu, ya ce in kawo jak da tocila. Fiye da awa ɗaya muka yi a kwance a ƙarƙashin motar nan, kuma abin da na fi ƙaruwa da shi ke nan duk ranar. Salun ɗin 504 ba ta da shasi daban kamar babbar mota, bodin shi ne ƙashin bayanta. In ya ruɓe, babu abin da za ka ɗaura sabon inji a kai. Ya ba ni sukundireba ya ce in soka duk inda ya nuna: dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, wuraren da ake kafa jak, inda kan shokozoba na gaba ke zama, inda ƙafafun baya ke manne da jiki, ƙasan but, da ƙarƙashin shimfiɗar ƙafar direba. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi ƙal-ƙal. Ruɓaɓɓe kuwa shiru yake, ya burme kamar busasshiyar ƙwarya.

Mu a nan Allah ya taimake mu da busasshiyar iska, motocinmu ba sa ruɓewa kamar na bakin teku ko na ƙasashen da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara. Namu abokan gabar daban ne. Ganyen darbejiya ya cika magudanar da ke gindin gilashin gaba, ruwan damina ya rasa hanya ya riƙa kwanciya. Ɓangaren da ke kallon turke kuma, inda taki da fitsarin awaki suka taru har suka taɓa ƙarfe, nan sukundirebata ta shige har mariƙi. Rami ne kamar tafin hannu biyu. Maigida ya auna nisansa da inda ƙafar baya ke kamawa, ya ce saura kamar taƙi ɗaya, da ya kai can da mun yi sallama mun tafi. Daga nan ya fito da maganaɗisun tsohuwar sifika ya bi jikin motar da shi. Inda ya kama, ƙarfe ne. A ƙofar baya ta hagu ya zame ya faɗi, alamar an taɓa bugewa an cike da fila an shafe da fenti. Tayoyi kuwa ba a ma maganarsu. Ya nuna mini lambobi huɗu da ke gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi taya, tsarin da aka fara daga 2000. Ɗaya daga cikinsu lamba uku ce da ita, wato ta girmi wannan tsarin.

Wannan kwanciya a ƙasa ita ce na yi wa ƙyuya daga baya, kuma wani ne ya biya. A 2023, na riga na buɗe nawa wurin, wani manomi ya ce in raka shi duba a-kori-kura a wajen Haɗejia. Bugu ɗaya ta tashi, injin na kaɗawa lafiya, baƙin mai sabo. Rana ta yi zafi, ƙasa duk ƙaya, na leƙa daga tsugune na ce ya saya. Ban kwance ƙusar giyabos in duba mansa ba, ban kwance ta aksul ɗin da ke juya tayoyin baya ba, ban ɗaga shimfiɗa na sa yatsa a lungu ba. Da na yi, da na ga busasshiyar laka, domin ambaliyar 2022 ta shanye motar har gilashi. Mai sayarwa ya canza man inji kawai. Ba a yi wata biyu ba aksul ya cije a hanyar Gujungu da buhunan shinkafa a baya. Na yi masa aikin ban karɓi ko sisi ba, amma kuɗin kaya shi ya biya, kuma ya sayar da rago biyu kafin ya haɗa. Har yau in na gan shi nauyi nake ji.

Mu koma ƙauye. Da muka fito daga ƙarƙashin Fijon, maigida ya nemi takardu. Tsohuwar ta kawo su a cikin wata jakar fata, a naɗe da leda. Ya goge farantin lambar da ke cikin gidan inji da tsumma, ni ina karanto ta takarda, shi yana bi da yatsa, har muka kai ƙarshe ba saɓani. Sannan ya yi tambayar da ban taɓa zaton ta shafi bakanike ba: "An raba gadon Malam?"

An raba gona da gida, motar ce aka bari. Magada tara ne, har da ɗaya da ke aiki a Fatakwal da mata biyu da ke gidan aure, ga tumunin uwargida. Maigida ya ce wa babban ɗan, cikin ladabi, ba zai bari malamin ya ba da ko kafin alƙalami ba sai kowa ya yarda, an rubuta a gaban mai unguwa da shaidu. Ya ce ya ga motar da aka kashe wa kuɗi aka gyara tsaf, sannan wani ƙane ya ɓullo da sammaci.

Kuma a gaban ɗan gidan ya faɗi duk abin da ya gani, bai ɓoye na kirki don a karya farashi ba. Ya ce giya da aksul da gilasai da kujeru duk na asali ne, kada su yarda da tayin 'yan gwangwan da ke son auna ta a sikeli. Ya kuma ce tof ya tafi, akwai walda, birki gaba ɗaya sabo za a yi domin man birki yana shan danshi ya cinye bututu daga ciki, tanki sai an sauke an wanke saboda tsohon fetur ya zama danƙo. A hanyar dawowa na tambaye shi, "Baba, ai mu malamin ne ya aiko mu." Ya ce, "Shi ya aiko mu mu gano masa gaskiya. Akwai marayu a cikin kuɗin nan."

Da daddare ya zauna da malamin ya yi masa lissafi a bayan kwalin fulogi. Gyaran zai kai ninki biyu na kuɗin sayen, kuma in ya gama ya ce zai sayar, ba zai mayar da kuɗinsa ba. In motar zuwa aiki yake nema, ya nemi wata. In kuwa wannan ɗin yake so, to ƙashinta lafiya, za ta yi. Malamin ya yi shiru, ya ce a ba shi mako guda. Ranar da makon ya cika ya dawo ya ce yana so.

Sai da muka jira Babbar Sallah, na Fatakwal ya zo gida, aka sa hannu. A bayan babbar mota muka ɗauko ta, maigida ya hana a ja ta da igiya tunda ba birki. Tof ɗin sai da muka yi sawu uku a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano kafin muka sami wanda muka ɗora wa ƙarfen awo ya kwanta daidai. Muka sa sabbin silib da fistin da ringi, mai walda ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya dasa sabon ƙarfe.

Wata biyar bayan zuwanmu na farko, wata safiyar Asabar, maigida ya ce in ɗauko batir. Ya sa na yi ta juya injin ba fulogi har fitilar mai ta mutu, sannan muka mayar da su. A bugu na uku ta kama. Malamin ya miƙe zai shiga, maigida ya ɗaga masa hannu. Ya ja kujera ya zauna a gaban motar, tafinsa a kan tiyon lagireto na sama, idonsa a kan allurar zafi, bai ce a rufe bonet ba sai da aka yi kusan minti 40.