Kanumfarin da na gani a Pemba

Na dawo daga Zanzibar kwana uku ke nan, amma har yanzu ƙamshin kanumfari bai bar jakata ba.

Tun ina yarinya nake ganin Inna tana daka shi da citta ta zuba a kunu, ban taɓa tambayar inda yake fitowa ba. Sai da na je tsibirin Pemba na gan shi a shanye kan tabarmi a bakin hanya, ɗanyensa kore-kore ja-ja, busasshensa baƙi-baƙi. Samari ne ke hawa dogayen bishiyoyi suna tsinko shi da hannu, kuma gwamnati ce ke saye daga manoma. Wallahi jikina ya yi sanyi da na tuna cewa a ƙarni na 19, zamanin sarakunan Oman, bayi ne suka yi wahalar waɗannan gonaki.

Zanzibar manyan tsibirai biyu ne a tekun Indiya, Unguja da Pemba. Sun haɗe da Tanganyika a 1964 aka sami Tanzaniya, amma suna da shugabansu da majalisarsu. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanensu sun kusa miliyan 1.9, kuma kusan duk Musulmi ne.

Yanzu kuɗin yawon buɗe ido ya fi na kanumfari. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne matan Jambiani, wani ƙauye a bakin teku a Unguja. Da ruwa ya janye sai su shiga da zanensu, suna ɗaura ciyawar teku da suke nomawa a igiya, ga otal-otal na alfarma a bayansu. Wata dattijuwa ta miƙo mini hannunta in gani, gishiri duk ya farfasa shi.