Godiya bayan zaman ɗora Ubuntu kusa da Windows a Sakkwato

Alhamdu lillahi, zaman ranar Asabar na ɗora Ubuntu, wani tsarin tafiyar da kwamfuta na Linux, kusa da Windows a kwamfuta ɗaya ya kammala lafiya. Muna godiya ga malamin da ya ara mana ɗakin karatunsa da janareta a Mabera, da ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da suka duƙufa kan kwamfutocin jama'a tun hantsi har aka kira la'asar, da 'yan'uwa da suka taso daga Boɗinga da Wurno cikin wannan zafi. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Waɗanda kwamfutarsu ta ƙi tashi kuma suka yi haƙuri da mu, ku ne kuka fi cancantar godiya, don a kan injinanku kowa ya koyi aikin. Ciwon kusan ɗaya ne. Windows na zaune a tsarin UEFI, wato sabuwar hanyar tayar da kwamfuta, kan faifan GPT (sabon tsarin raba faifai), sai a tayar da filashin Ubuntu a tsarin Legacy, wato tsohuwar hanyar. GRUB, wato manhajar da ke tambayarka wanne za ka shiga, idan ya sauka a Legacy ba zai iya tayar da Windows ɗin UEFI ba, ko sau nawa aka sake ɗorawa. Don haka a fara buɗe msinfo32 a Windows a karanta layin BIOS Mode. In ya ce UEFI, a danna F9 a HP ko F12 a Dell lokacin kunnawa, a zaɓi filashin da sunansa ke ɗauke da UEFI. Bayan an shiga Ubuntu na filashin, a buɗe Terminal, inda ake buga umarni, a buga ls /sys/firmware/efi. In babu wannan wurin, a kashe a sake.

Madalla da 'yar'uwar da ta riƙe hannun wani ƙaninmu yana dab da goge ƙaramin fatishan (ɓangaren faifai) ɗin nan na FAT32 mai megabait 100, yana zaton shara ce. Nan ne mazaunin fayilolin da ke tayar da Windows. Ana nuna wa Ubuntu shi a matsayin /boot/efi, ba a goge shi.

Wanda ya koma gida bai ga Windows a jerin GRUB ba, kada hankalinsa ya tashi, yana nan. Tun GRUB 2.06 os-prober, manhajar da ke nemo Windows ta saka shi a jerin, na zuwa a kashe. A ƙara GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false cikin /etc/default/grub, sannan sudo update-grub. A kashe Fast Startup na Windows kuma, don yana barin fatishan ɗin NTFS, inda fayilolin Windows suke, a kulle.

Rage girman fatishan don samar wa Ubuntu wuri daga Disk Management na Windows ake yi, batir a cike, bayan an kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri. Ɗauke wuta a tsakiyar wannan aiki na iya cinye komai. Mai BitLocker kuwa, wato kullen faifai na Windows, ya rubuta lambobi 48 na makullin ceto (recovery key) a takarda kafin ya taɓa saitin BIOS.

Masu tambayar dalilin da agogon Windows ke komawa baya da awa ɗaya: Ubuntu na ajiye agogon injin a UTC, wato lokacin duniya, Windows kuma na ɗaukarsa lokacin gida, mu kuma muna gaba da awa guda. A buga timedatectl set-local-rtc 1 a Ubuntu.

An manta cajar HP ɗaya da filashi ja a ɗakin. Suna hannun malam, mai su ya je ya karɓa.