Mani Tana da Ido: Abin da Na Koya Daga Wata Malamar Tailan

A ƙasar Tailan, kusan duk wanda ya yi firamare tsakanin 1978 da 1994, in ka ce masa "Mani mi ta", sai ka ga ya yi murmushi. Jimla ce daga shafukan farko na littafin karatun aji ɗaya, ma'anarta "Mani tana da ido". Manin nan yarinya ce, ba Usman ba. Ita da yayanta Mana, da abokansu Piti da Cujai da Wira, su ne yaran da Malama Ratchanee Sripaiwan ta ƙirƙira ta zuba a littattafai 12, biyu-biyu ga kowane aji, daga aji ɗaya har aji shida. Malamar makaranta ce da ta yi aiki a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimin ƙasar, kuma ta rasu a 2014 tana da shekara tamanin da 'yan kai.

Ni dai a da, ban da buhun shinkafa babu abin da ya haɗa ni da Tailan. Kwas na ƙaro ilimi kan koyar da ƙananan yara ne ya kai ni ga matar nan, da aka ce kowa ya zaɓi littafin fara karatu na wata ƙasa ya yi nazarinsa. Ya zo daidai da lokacin da hedimasta ya ɗora mini aikin rubuta wa 'yan ajina gajerun labarai na Hausa, saboda 'yan littattafan da muke da su duk sun yage. Saboda haka da idon mai neman mafita na karanta aikinta, ba da idon mai neman maki kaɗai ba.

Abin da ya fara kama ni shi ne ƙuncin filin da ta yi aiki a ciki. Rubutun Tailan yana da baƙaƙe 44, an kasa su gida uku, kuma gidan da baƙi ya fito yana da hannu a irin karin sautin da za a ɗora wa gaɓa. Karin sautin nasu biyar ne, alamominsa huɗu. Wasali kuwa yana iya zama a gaban baƙi, ko bayansa, ko samansa, ko ƙarƙashinsa. Ƙari a kan haka, ba sa barin fili tsakanin kalma da kalma a rubutun manya. Yaro ɗan shekara shida aka ce ya haɗiye wannan duka. To dubi jimlar Mani: gaɓa huɗu, baƙi uku, dogayen wasula biyu, babu alamar karin sauti ko ɗaya, kuma duk gaɓoɓin a murya ɗaya miƙaƙƙiya ake faɗarsu. An ma rarraba kalmomin da fili don idon yaro ya ga inda kowace ta tsaya. Hatta sunan yarinyar daga cikin 'yan haruffan nan aka ƙera shi. Babu abin da ya faɗo da ka a shafin nan.

Mu ma Hausa tana da karin sauti da dogon wasali, sai dai bokonmu ba ya nuna su, yaro daga ma'anar jimla yake gane wanne ake nufi. Wahalarmu ta wani gefe take. Amma dokar ɗaya ce: kada ka sa wa yaro harafin da ba ka koya masa ba. Faɗarta da sauƙi. Ranar da na zauna da a, k, m, n da t kaɗai a hannuna, na ce zan yi labari, nan na san ana yi. Ina son akuya, babu u babu y. Ina son kaza, babu z. Su ɓ, ɗ, ƙ, ts da sh kuwa sai can gaba. Abin da ya rage mini su ne kaka da mama, da kama, da nan. Haka na yi ta juya su har dare, kamar mai son ta ciyar da gida da mudu ɗaya.

Mafi yawanmu a nan muke sallamawa, mu cika allo da ka ki ku, ma mi mu, yara su yi ta rerawa. Suna rerawa kuwa da daɗi, har mai wucewa ta bayan taga ya ce lallai ana karatu a ajin nan. Ka nuna wa yaro gaɓa ɗaya daga tsakiya ka ce mene ne wannan, sai ya koma farkon layi ya taho da waƙar har ya iso wurin.

Abin da Malama Ratchanee ta yi daban shi ne, tun haruffan ba su taka kara sun karya ba ta ba wa yaran mutum. Mani tana da yaya, tana da kare mai suna To. Cujai tana da kyanwa, kuma a hannun kakarta take zaune. Wira yana da biri. Piti yana da wani tsohon doki. Akwai malamarsu, Failin. Daga baya aka shigo da wata yarinya mai lalurar ƙafa, da wani yaro ɗan gidan talakawa tilis. Kuma yaran littafin suna girma tare da masu karanta su: in ka shiga aji uku, su ma sun ƙara wayo, jimlolin sun ƙara tsawo, abin da ke damunsu ya ƙara nauyi. Yaro yana ɗokin littafin baɗi don ya ji me ya sami abokansa, a hanyar jin nan kuma yake kwasar sababbin kalmomi bai ankara ba.

Sai kuma maganar dokin Piti. Ya tsufa, ya mutu, a cikin littafin gwamnati na 'yan firamare. Daga baya Piti ya sami ɗan dukushi, amma ba a ɓoye mutuwar ba, kuma har yau manyan da suka karanta littafin suna yawan ambaton ta in ana hirar ƙuruciya. Na daɗe ina tunanin wannan. Mu masu rubuta wa yara muna da wata ɗabi'a ta share musu hanya ƙal: yaron kirki ya gaida iyayensa, ya wanke hannu, ya ci jarrabawa, labari ya ƙare. Alhali yaran da ke gabana sun ga an yanka ragon da suka yi wata uku suna ba shi dusa. Wasu sun ga an fita da ƙaninsu a tabarma. Ba mu ne za mu sanar da su akwai rashi a duniya ba, sun riga mu sani. Littafin da ya yi kamar babu, su ma sai su ɗauke shi abin rerawa kawai.

Da haruffana suka ƙaru, na yi labarin wata yarinya da akuyarta. Ban ɗauki kare ba, don na san gidajen da yarana suka fito, kare na gadi ne, ba a rungumar sa. Na riƙa ba su shafi ɗaya duk mako, a rubuce da alƙalamin maka a bayan tsohuwar kalanda. A wani mako akuyar ta ɓata, shafin ya ƙare ba a gan ta ba. Washegari da safe ina share allo, wani yaro da ko sunansa ba ya son faɗa da ƙarfi ya zo ya tsaya a gefena, ya ce, "Malama, an ga akuyar?" Na ce masa amsar tana cikin shafin da ke jakata, in yana so ya duba da kansa. Ya ɗora yatsa a kan layin farko, yana haɗa gaɓa da gaɓa, leɓensa na motsi, ya yi tuntuɓe a kan "dawo", ya koma, ya sake. Da ya kai ƙarshe bai ce da ni komai ba, ya ruga waje yana kiran 'yan uwansa wai ta dawo, a gidan maƙwabta ta kwana. Ban ce dabarar nan ta warkar da kowa ba. Akwai waɗanda har ƙarshen zango suna fama da b da d. Amma daga ranar na daina kallon labari a matsayin ladan da ake ba yaro bayan ya iya karatu.

A 1994 aka janye littattafan Mani daga makarantu, aka kawo wasu da sababbin yara. Zamani ya sauya, ƙauyen da ke cikin littafin, mai gonar shinkafa da kowa ya san kowa, ya yi nisa da rayuwar yaron Bankok, babban birnin ƙasar. Ban ga laifin hakan ba. Littafin fara karatu ba a yi shi don ya dawwama ba, shekara 16 ma ya yi ƙoƙari. Ita kanta marubuciyar daga baya ta sake waiwayar yaran nata, ta rubuta labarinsu bayan sun girma, don tsofaffin ɗalibanta da suka ƙi mantawa.

Inda na tsaya na yi mata tambaya a raina shi ne: yaran wa ke cikin littafin? Ƙasa guda, littafi guda, harshe guda, wato harshen tsakiyar ƙasar. Amma a arewa maso gabas, yankin Isan, abin da ake yi a gida ya fi kusa da harshen maƙwabciyarsu, ƙasar Lawos. A can kudu kuwa, a lardunan Pattani da Yala da Narathiwat, yawancin mutane Musulmi ne masu magana da Malayanci. Yaron Pattani da ya buɗe shafin farko, jimlar da aka sauƙaƙa har ƙarshen sauƙi ba ta ce masa komai ba, domin a gidansu ba haka ake kiran ido ba. Sakamakon yaran yankin ya daɗe yana ƙasa da na sauran ƙasar. Sai daga baya masana a Jami'ar Mahidol, ƙarƙashin Farfesa Suwilai Premsrirat, suka fito da shirin fara koya wa yaran karatu da Malayancinsu na gida, a rubuce da haruffan Tailan, sannan a tsallaka da su zuwa harshen ƙasa sannu a hankali. Shirin ya ci lambar yabon UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yaƙi da jahilci a 2016.

Mu da muka saba kukan an danne Hausa da Turanci, wannan ya kamata ya sa mu duba ajinmu da kyau. A layin baya na ajina akwai 'yan rugar da ke bayan gari, suna zuwa da Fulatanci a bakinsu, Hausarsu ta sayen gishiri ce a kasuwa. Labarin akuyata da nake taƙama da shi, a wurinsu matsayinsa ɗaya da na Mani a wurin yaron Pattani. Ba ni da Fulatanci, ba ni da jami'ar da za ta tsaya mini. Abin da na iya shi ne na roƙi wata yarinya 'yar aji biyar daga rugar, takan shigo kafin a buga ƙararrawa ta ba su labarin shafin makon da harshensu, sannan mu karanta shi tare da Hausa. Hedimasta ya amince, da sharaɗin kada ta makara a nata ajin. Na kuma ƙara saniya a labarin, bisa shawararta, don ta ce akuya ba dabbar da za a tashi hankali a kanta ba ce.