Na juya famfo, ban juya bawul ɗin kariya ba

Famfon mai haƙora ne, wato giya biyu ke juyawa a cikinsa suna tura mai, inci biyu, yana tura manja daga tanki zuwa tukunyar sabulu a wata masana'anta a Sharaɗa. Da aka sauya wa tankin wuri, bakin shiga ya koma na fita. Na musanya waya biyu cikin ukun da ke shiga injin, ya juya ta ɗaya ɓangaren, mai ya taho. Na tattara kayana.

Bawul ɗin kariyar da ke jikin famfon, wanda ke buɗewa ya rage matsi idan ya yi yawa, ta fuska ɗaya kawai yake aiki. Hular sukurun saitinsa dole ta kalli bakin da ke zuƙo mai. Idan ka juya tafiyar famfo, sai ka kwance ƙusoshinsa, ka juya shi, ka mayar. Aikin minti goma ne. Na san haka sarai, ban yi ba, har yau abin yana ci mini rai.

Wata biyu ba abin da ya faru, sai da hunturu ya kankama. Manja ƙasa da digiri 35 yake fara daskarewa, ga bututun ya kwana cike, ba a sakar masa tururi ba. Famfo mai fanka idan hanya ta toshe sai ya yi ta kaɗa ruwa a cikinsa. Mai haƙora kuwa kowane zagaye mudu guda yake aunawa ya tura, ko da hanya ko babu. Allurar gejin matsi ta wuce bar 7 ɗin da muka saita bawul ya buɗe a kai, bawul bai motsa ba, don matsin ta baya yake danne shi. Gasket ɗin da ke toshe mahaɗa ya fashe, sil mai hana yoyo ya tafi, makullin shaf, ɗan ƙarfen da ke riƙe sandar juyawa, ya gutsure. Kwana huɗu aiki na tsaye, manja har rufin kwano.

Yanzu ba na yarda da bawul ɗin jikin famfo shi kaɗai, domin ko yana daidai, mai yake zagayawa a ciki har ya yi zafi. Ina ɗaura wani a kan bututun fita, tsakanin famfo da bawul na farko da ake rufe bututun da shi, mai mayar da man tanki. Manja sai ya kai digiri 50 zuwa 55, bututu ya ɗumama har ƙarshe, sannan a kunna. Rage gudu kuma daga injin ake yi, ba a shaƙe bakin fita. Duk famfon da na taɓa wa waya, sai na ɗora yatsa a kan hular nan na bi ta da ido zuwa bututun tanki kafin in ba da wuta.