Doki ne ya shigar da ni cikin mutanen ƙauyen nan na Ingila

Duk wanda ya zauna a ƙauyen Turawa ya san abin da nake faɗa, sai ka shekara maƙwabcinka bai wuce ɗaga maka hannu ba. Ni aikin kula da tsofaffi ya kawo ni kusa da Melton Mowbray a yankin Leicestershire, daga aiki sai ɗaki, ran Juma'a in hau bas zuwa Lesta in yi sallah in sayo naman halal in dawo, shi kenan rayuwar. Wallahi kaɗaici ya ci ni sosai.

Wata mata da nake kula da mahaifiyarta ce ta ga hotona a waya ina kan doki ran hawan sallah a Katsina, ashe tana da dawakai, ta ce in riƙa zuwa ran hutu ina taya ta share barga ina hawa. Da Satumba ta kama sai ta ce in shirya mu fita farautar kaka. Yankin nan dama shi ne cibiyar farautar yanyawa da karnuka a kan doki, ƙungiyoyin farauta irin su Quorn da Belvoir da Cottesmore duk nan kewaye suke. Amma fa tun dokar 2004 da ta fara aiki a Fabrairun 2005 an hana sa karnuka su kashe yanyawa, yanzu tsumma ake jiƙawa da wari wani ya ja shi cikin gonaki karnuka su bi mu kuma mu bi su a kan doki. Ta kaka ɗin ana yinta ne bayan girbi don a horar da ƙananan karnuka kafin a buɗe babbar a farkon Nuwamba, shi ya sa ba ka ganin jar kwat ɗin da ake sawa a babbar farautar, kowa kwat ɗin ulu mai ruwan ƙasa ya sa, ni ma aro aka ba ni.

Da asuba ake haɗuwa tun rana ba ta busar da warin ba, ga hazo ga sanyi har cikin ƙashi. Sirdinsu shafal yake ba abin da zai tare ka gaba ko baya, linzamin ma ba shi da zafi irin namu, da ƙafa ake yi wa dokin magana, ga dokin ƙato kamar raƙumi. Abin da ya fi burge ni shi ne ladabin wajen, za ka gaida shugaban farauta, ba ka wuce shi komai saurin dokinka, in karnuka za su gitta ka juyo da kan doki wajensu kar ya harbi wani, dokin da ke harbi an ɗaura masa jan ƙyalle a wutsiya sabon shiga kuma kore, wanda ya zo ƙarshe shi ke rufe ƙofar gona. Wanda ya taɓa hawa a tawagar hakimi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Akwai abin da ya tsaya min a rai dai. Masu adawa sun tsaya bakin hanya da kyamara, suna cewa tsumman nan fakewa ce kawai ana ci gaba da kisa, kuma kotu ta sha kama wasu da laifin, jam'iyyar Leba ma a zaɓen 2024 ta yi alkawarin hana shi gaba ɗaya. Ni ranar ban ga an taɓa ko da zomo ba, amma na gaya wa matar nan kai tsaye, mu farauta don nama muke yi, kashe dabba don nishaɗi ba na ciki, ran da na ga haka na sauka. Ta ce ta ji kuma ta yarda.

Yanzu manoman da muka fita tare in mun haɗu a shago sai sun tsaya mun gaisa da suna, ɗaya har ya ce in zo in duba masa wata goɗiya. Tsallake shingen ƙaya nake koyo duk Asabar, don matar nan ta ce sai na iya shi za ta bar ni in fita ta Nuwamba.