Sana'ata bin sawun kakannin mutane

Ƙaramin kamfani gareni, aikinmu haɗa wa mutane tarihin zuri'arsu, kuma yawancin kwastomominmu jikokin waɗanda suka bar Turai suka koma Amurka ne. Mutum zai turo sunan iyalinsu kawai yace a nemo masa asalinsa, to gaskiya suna shi kaɗai baya kai mu ko'ina. Abinda nake farauta shine sunan garin da aka haifi kakan, in babu shi ban san ma'ajiyar takardun tarihin da zan tunkara ba.

Shi yasa nake farawa da takardun zama ɗan ƙasa. Ƙidayar Amurka ta 1920 tana nuna shekarar da mutum ya samu shaidar, daga nan sai in nemi fayil ɗinsa. Tambayata ta farko kullum itace kafin 27 ga Satumba 1906 ne ko bayanta? Kafin ranar kotuna barkatai ne ke wannan aiki, kowacce da irin fom ɗinta, wata suna da ƙasar da ya baro kawai za ta rubuta shikenan. Bayan ranar kuwa gwamnatin tarayya ta fito da fom iri ɗaya, za ka ga garin haihuwa, ranar haihuwa, jirgin ruwan da ya kawo shi, tashar da ya sauka, sunan matarsa da yaransa, daga 1929 har da hoto. Wallahi duk ranar da na buɗe irin wannan fayil sai naji daɗi har cikin raina. Kuma a nan ne alƙali ke iya amince wa mutum ya canza suna, sai ka tarar da tsohon da sabon a fayil guda. Masu cewa a tsibirin Ellis na New York, inda ake tantance baƙi masu shigowa a da, aka canza wa kakansu suna, a hankali nake fahimtar dasu cewa jerin fasinjoji tun a tashar da jirgi ya taso ake rubuta shi, ma'aikatan can dubawa kawai suke.

Mata ne ke ban tausayi a aikin nan, kafin 1922 matar aure ta kan mijinta take zama 'yar ƙasa, yawanci bata da takardar kanta, dole ta fayil ɗin miji zan bi in ganta.

In gari ya fito sai mu tsallaka Turai, nan kuma wata katangar ke jira, domin sunan iyalin kansa ba lallai ya tsufa ba. A Holan 1811 ne dokar Napoleon ta tilasta wa marasa sunan iyali su je su yi rajistar ɗaya, Yahudawan Austiriya tun 1787, na Faransa 1808. Rajistar yankin Friesland na Holan da ke ma'ajiyar Tresoar ita nafi so, magidanci ya faɗi sunan da ya zaɓa, sau da yawa da sunayen 'ya'yansa da shekarunsu. Kafin wannan rajistar da sunansa da na ubansa kawai ake kiransa, kuma wa da ƙani kan zaɓi suna daban daban, wasu kuma babu dangantakar komai su ɗauki iri ɗaya. Don haka bana saka kowa a bishiyar zuri'ar kwastoma don suna ya zo ɗaya, sai gari da shekaru da sunayen yara sun dace, in basu dace ba haka nake rubuta masa a rahoto ko da ba haka yaso ji ba.