A Gangara Ake Cin Tseren Dutse

Lambobi biyu ne a takardar rajistar kowane tseren dutse: nisan hanyar, da kuma jimillar mitocin da za a hau. Mu da ƙafarmu ta saba da kwalta, ta farkon muke fara dubawa, don ita muka sani. Wanda na sa sunana a ciki kilomita 30 ne da 'yan kai, kuma ga mutumin da ya taɓa gama gudun fanfalaki mai kilomita 42, wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Lamba ta biyun ce ta sa na nemo biro da takarda: hawan mita kusan 2,000.

'Yan wannan harka suna da lissafinsu na ka. Kowace mita 100 da za ka hau, ka ɗauke ta a matsayin ƙarin kilomita guda. Ka ga ke nan 30 ɗina sun koma 50 tun ban ɗaura takalmi ba. Akwai kuma tsohon lissafin da William Naismith, wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, ya fitar a 1892: matafiyi a ƙasa ya ware awa guda ga kowace kilomita 5, sannan ya ƙara awa guda ga kowace mita 600 ta hawa. Da na buga nawa sai ya ba ni sama da awa 9. Masu shirya tseren kuwa awa 8 suka bayar, wanda ya wuce haka ba ya cikin lissafi. Ashe dole in samo awa guda da wani abu daga wani wuri. A hawa dai ba zan samo ta ba, na san huhuna. Saura gangara.

To, a nan gizo ke saƙar, domin duk lissafin nan biyu ba su ɗauki saukowa a bakin komai ba, alhali ita ke kwantar da mutane.

Idan kana hawa, zuciya da huhu ne ke ja maka layi. Haki ya yi yawa, ka tsaya, ka dafa gwiwa, cikin minti biyu numfashi ya dawo, ka ci gaba. A gangara numfashinka lafiya lau, har hira za ka iya yi. Tsokar gaban cinya ce ke aikin, kuma aikin nata na daban ne: tana miƙewa ne a daidai lokacin da take riƙe da nauyinka, wanda a kowane taku yake sauka a kanta ninki-ba-ninki. Motar da ta ɗauko lodi ta kama doguwar gangara, burkinta ne ke yin zafi, injin kuwa hutawa yake. Haka cinya take, ita ce burkin. Wannan riƙon yana yi wa zaren tsokar ƙananan yagewa, kuma tsayawa ba ta gyara su. Da zarar cinya ta ce ta gama, ko ka zauna rabin awa, in ka miƙe a inda ka bar ta za ka same ta. Tsamin jikin ma ba ranar yake nuna kansa sosai ba, sai an kwana ɗaya zuwa uku.

Daɗin abin shi ne tsoka tana da saurin ɗaukar darasi. In ka ba ta wahalar gangara sau ɗaya ta warke, kariyar da ta samu takan kai makonni, kuma wahala ta gaba ba ta yi mata ɓarna kamar ta farko. A kan wannan na gina shirina na watanni. Akwai wani dogon bene da nake samun shiga. Masu motsa jiki a wurin hawa suke yi da ƙafa su sauko a lif. Ni sau da yawa akasin haka nake yi, in hau a lif in sauko da ƙafa, har mai gadin ya fara yi mini kallon wanda ba shi da aikin yi. A gida kuma sai in tsaya a kan matakala da ƙafa ɗaya, in sauke ɗayar a hankali ina ƙirga biyar kafin dunduniya ta taɓa ƙasa. Ba ya kama da atisaye a ido, amma ka yi ashirin ka ji yadda cinya za ta kama rawa. Idon sawu ma na ba shi nasa: duk lokacin da nake goge baki, a ƙafa ɗaya nake tsaye.

Bene dai ba dutse ba ne. A ƙarshen mako nakan je wani tudu mai tsakuwa da saiwoyi, kuma a can na haɗu da wani dattijo siriri wanda ya haura sittin, wanda in ya kama gangara sai dai ka ga ƙurarsa. Ya tsaya yana kallona ina saukowa, na banƙare baya ina cusa dunduniya a ƙasa, sannan ya ce, "Ɗana, me ƙafarka ta yi maka kake harararta haka?"

Na ce, "Baba, in ban duba ba ai faɗuwa zan yi."

Ya ce, "Inda za ka taka nan da taku uku za ka duba. Wanda ke ƙarƙashinka ido ya riga ya gani, ƙafa ta riga ta sani."

Sauran abin da ya nuna mini bai fi uku ba, kuma duk da jiki ya nuna su. Gajerun taku masu sauri, yadda in ɗaya ta zame ɗayar ta riga ta sauka. Ƙirji ya ɗan rinjaya gaba, domin mai banƙarewa baya shi ne ƙafarsa ke suɓucewa ya zauna daɓas. Hannuwa kuma a sake su su buɗe yadda suka ga dama, ko da kuwa abin ba kyan gani. Na ɗauki lokaci kafin jikina ya yarda, don tsoro yana cewa ka ja baya, dutsen kuma yana so ka biyo shi.

Batun hawa ban daɗe a kansa ba. Abin da na koya kawai shi ne tafiya mai ƙarfi, tafin hannu a kan cinya ana danna ta a kowane taku. In tudu ya miƙe sosai, mai tafiyar da mai ƙoƙarin gudun kusan tare suke isowa, sai dai ɗaya ya ƙone ƙarfinsa a banza. Ko a UTMB, tseren nan da ke zagaye dutsen Mont Blanc ta Faransa da Italiya da Suwizalan, mai nisan kusan kilomita 170 da hawan mita kusan 10,000, manyan zakaru irin su Kilian Jornet, wanda ya fara cin sa a 2008 yana ɗan shekara 20, tafiya suke yi a wurare masu tsauri. Saboda haka duk wanda ya ce maka tafiya a tseren dutse abin kunya ce, bai taɓa zuwa ba. Sanduna kuma ra'ayi ne. Suna rage wa ƙafa aiki a hawa, amma ni a gangara sarƙe ni suke yi, sai na bar su.

Akwai jerin kayan dole da aka turo mana: rigar ruwa mai hula, bargon leda mai sheƙi, usur, tocilar goshi, waya mai caji, da abin ɗaukar ruwa. Na ji wasu na ƙorafin nauyi, wai an mai da su 'yan dako. Ban taya su ba. Kowace mita 1,000 da ka hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5, ga iska mai kaɗawa a sama, ga rigarka jiƙe da gumi. Muddin kana motsi ba za ka ji ba. Amma ka yi targaɗe ka zauna, cikin ɗan lokaci sanyi zai shige ka. A watan Mayun 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, mutum 172 suka fita tseren kilomita 100, ƙanƙara da ruwa da iska suka same su a kan tsauni, da yawansu daga su sai gajeren wando da 'yar riga. Mutum 21 suka rasu, cikinsu har da fitattun 'yan tsere. Tun da na karanta wannan labari, nauyin rigar ruwa bai ƙara damuna ba.

Takalmi na sayi mai haƙora a ƙasa, wanda ya ɗan fi ƙafata girma, don a gangara yatsu gaba suke tafiya su riƙa dukan bakin takalmin. Na daɗe ina gudu da shi kafin ranar. Farce kuma na yanke shi tun saura 'yan kwanaki. Abinci ba wani sirri: abin da zai ba jiki kimanin giram 30 zuwa 60 na sitaci ko sukari a kowace awa, kaɗan-kaɗan, kuma wanda ciki ya riga ya saba da shi a atisaye. Ruwa a sha daidai ƙishirwa tare da ɗan gishiri, don ɗirkar ruwa zalla fiye da kima yana sirka gishirin jini, wanda shi ma haɗari ne. Makonni biyun ƙarshe na rage komai na yi ta barci.

Ranar, tun da sauran duhu aka duba jakunkunanmu ɗaya bayan ɗaya, aka kuma mai da wani baya saboda babu usur. Da aka sake mu, jama'a suka kwasa da gudu kamar a nan kusa za a tsaya. Na bar su. Bayan kamar kilomita biyu hanyar ta tsuke ta koma ta mutum ɗaya, sai ga mu duka a layi muna jiran juna, masu saurin da marasa saurin. Daga nan sai hawa. Awanni ba abin da nake gani sai dunduniyar na gabana da laka a safarsa. Abin da ya fi cin rai shi ne tudun da kake zaton shi ne ƙarshe, ka iso ka ga wani a bayansa yana jiranka. Wani matashi mai jar riga ya wuce ni a nan, yana gudu inda kowa ke tafiya, har na ji na yi masa sha'awa.

A sama hazo ya rufe ko'ina, iska na yanka kunne. Na sa rigar ruwa, na tsuguna na ƙara ɗaure igiyar takalmi tamau don kada ƙafa ta riƙa zamewa ciki, na ci wani abu ko da ba na jin yunwa. Agogo ya nuna na cinye fiye da rabin lokacina.

Farkon gangarar tsakuwa ce sako-sako, irin wadda ke tafiya da kai. Kowane taku sai ƙafa ta nutse ta ja kamar taƙi guda kafin ta tsaya, duwatsu na gangarawa gabanka suna ƙara. In ka yi gardama da ita ka faɗi, in ka bi ta sai ka ji kusan tana ɗauke da kai. Bayanta sai daji, inda saiwoyi suka jiƙe suka yi santsi. A nan ne idona ya riƙa aikin da dattijon nan ya ba shi: ga dutse mai faɗi, ga gurbi tsakanin saiwa biyu, ga busasshiyar ƙasa a gefen dama, ƙafa kuma na bi a baya ba tare da na yi mata magana ba. Sau ɗaya wata saiwa ta kwashe ni, na daki ƙasa da kwatangwalo, tafin hannu ya ɗaye. Na tashi na motsa idon sawu, na ji lafiya, na wuce.

Can ƙasa na tarar da mai jar riga. Ya juya baya yana saukowa da baya da baya, yana riƙe da rassa, don cinyoyinsa sun ƙi karɓar nauyinsa ta gaba. Na ce, "Sannu ɗan'uwa, ko da abin da kake buƙata?" Ya yi dariyar wahala ya ce, "Yallaɓai, in kana da cinyar aro." Na ba shi ɗan gishirin da ke jakata, na sanar da masu kula da tasha ta gaba cewa yana tafe. A wannan saukowar na wuce mutane da yawa waɗanda duk sun fi ni ƙarfin hawa. Sai a lokacin na fahimci girman abin da Sarah Etonge, 'yar tseren ƙasar Kamaru, ta yi a tseren Dutsen Kamaru, wanda ake yi a garin Buea tun 1973, inda ake hawa har ƙololuwa mai tsayin sama da mita 4,000 a kuma sauko a rana guda. Sau 7 ta cinye shi.

Kilomitocin ƙarshe shimfiɗaɗɗiyar hanya ce, kuma abin mamaki su suka fi yi mini wuya, don ƙafa ta manta yadda ake tura jiki gaba ba da taimakon tudu ba. Na shiga da saura kusan minti 40 a rufe.

Kwana biyu bayan haka tsamin ya iso a kan lokacinsa, sai dai ina iya sauka daga bene ta gaba kamar kowa, ina dafa ƙarfe. Farcen babban yatsan hagu ya yi baƙi duk da girman takalmin, kuma da alama zai fita. Ƙanwata ta ga hoton hannuna ta kira ta ce, "Yaya, yanzu sai na kilomita 100 ke nan?" Na ce mata a'a. Wannan yana nufin kwana a kan dutse da tocila, ni kuma ban taɓa sauko da gangara cikin duhu ba. In farcen ya warke, da wannan zan fara, a tudun nan mai tsakuwa, in dattijon ya yarda ya raka ni.